Shaidar Wanda Bai Je Urushalima Ba Tukuna

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni mutumin Wusasa ne a Zariya, nan aka haife ni nan aka yi min baftisma, sana'ata kuma gidan kallon ƙwallo nake da shi. Eh gidan kallo, kar wani ya yatsine fuska, don da shi nake ci da iyalina kuma a cikinsa nake fitar da zakka da baiko. Na daɗe ina so in ba da wannan shaidar a majami'a amma kun san yadda lokacin shaida yake ranar Lahadi, mai jagora zai ce a taƙaita a taƙaita, kuma masu fitowa duk masu labari mai daɗin ƙarshe ne, wannan ya samu aiki, waccan ta sauka lafiya, wancan ya dawo daga Isra'ila da 'yar hula a ka. To ni ban je ba. Shi ya sa nace bari in zauna in rubuta tawa a tsanake, wanda zai iya karantawa ya karanta.

Ƙwallo ta shige ni ne tun 1996, wasan Olamfik na Atlanta. Lokacin ba mu da talabijin a gida, gidan wani malamin makaranta muke cika, yara a ƙasa manya a kujera wasu ta taga. Daren da muka buga da Brazil ana cinmu 3 da 1, mutane har sun fara zamewa suna tafiya barci, sai Ikpeba ya rama ɗaya, Kanu ya farke ana dab da tashi, ya kuma ƙara ta zinare aka tashi 4 da 3. Ban taɓa jin unguwarmu ta yi ihu irin na daren nan ba, har karnuka sun rikice. Bayan kwana kaɗan muka doke Ajantina 3 da 2 muka ɗauko zinare. Da Kanu ya koma Arsenal a 1999 sai na bi shi, ranar da ya zura wa Chelsea uku shi kaɗai a gidansu nace shikenan ni da kulob ɗin nan mutu ka raba. Kanu ya daɗe da barin wajen ya bar mu da hawan jini, shekara uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, muka ƙare na biyu a firimiya. Wanda yake goyon bayan Arsenal ba sai an yi masa wa'azin haƙuri ba.

Da na gama sakandare Kaduna na tafi, na samu aiki a wata masaƙa a Kakuri, a can na yi aure. Waɗanda suka san Kakuri a da sun san yadda take cika idan an tashi daga aiki, kekuna da masu abinci da masu bashi duk a bakin get. Masaƙun suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tamu ma ta rufe, na tattaro maman yara muka dawo gida. Ɗan abin da na samu shi na sayi talabijin da ƙaramin janareta, na sa kafinta ya buga min bencina, na kafa rumfar kwano a filin gidanmu ta bakin hanya. Dattawan ikilisiya ba su so abin ba da farko. Wani Baba ya kira ni gefe yace, ɗana, wannan abin da ka buɗe ba zai kwashe mana matasa daga sujadar yamma ba kuwa? Gaskiyarsa ne, don manyan wasannin Ingila ranar Lahadi da yamma ake bugawa. Muka yi yarjejeniya da shi cewa duk yaron da na san ɗan ƙungiyar mawaƙa ne ko yana da aiki a majami'a ba zan karɓi kuɗinsa ba sai an tashi. Har yau ina kan wannan, duk da yaran sun gano wani gidan kallon a gaba da mu.

Maganar Urushalima kuma daga Mama ta fito. Mahaifiyarmu tsohuwar 'yar Zumuntar Mata ce, irin waɗanda ba su fashin taro ko ana ruwan ƙanƙara. A 2013 mu 'ya'yanta muka haɗa kuɗi, Yayanmu da ke Abuja ya ɗauki kaso mafi girma, muka biya mata ziyara ta hannun hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista. Shekarar ta yi mana daɗi, a Fabrairu Keshi ya ciyo mana kofin Afirka da ƙwallon Sunday Mba a ragar Burkina Faso, a Oktoba shugaba Jonathan da kansa ya je ziyarar, dala kuma tana wajen naira 160. Ku riƙe wannan 160 ɗin, za mu dawo kanta.

Da Mama ta dawo gidanmu ya zama kamar ana biki, maƙwabtanmu Musulmi suna shigowa suna cewa Hajiya sannu da hanya, ita kuma tana amsawa ba ko gyara. Ta rabar da man zaitun da ƙananan gicciye na katako da ruwan Urdun a 'yan kwalabe. Amma ni labarin ne ya kama ni, don Mama ba ta iya ƙara gishiri ba, abin da ta gani shi take faɗa. Tace kogin Urdun da muke ta rera waƙa a kansa tun muna yara, da ta tsaya a bakinsa sai da ta tambayi mai yi musu jagora ko dai reshe ne, don Galma ɗinmu da damina ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Tace Tekun Galili ashe tafki ne, ruwan daɗi, kana tsaye a wannan gaɓar kana hango waccan, an sa su a jirgin ruwa aka kashe inji a tsakiya suka yi waƙa da Hausa har wasu Turawa suna ɗaukarsu hoto. Tekun Gishiri kuwa ƙin shiga ta yi, tace ta ga manyan mata sun kwanta a kan ruwa ba su nutse ba amma ita ba da ita ba, ta dai taɓa ta ɗanɗana ta tofar. A Baitalami tace ƙofar majami'ar da aka gina a inda aka haifi Yesu gajeriya ce, dole kowa ya sunkuya, har bishop. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne da aka gaya musu mabuɗin majami'ar Kabari Mai Tsarki a hannun wasu iyalan Musulmi yake tun ɗaruruwan shekaru, su ne suke buɗewa da asuba su rufe da dare. Wannan ta maimaita shi ya fi a ƙirga, duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta ji shi.

Abinci ne kawai bai yi mata ba. Tace kullum burodi da ganye da wani abu kamar kunun wake mai sanyi, Allah ya taimake ta ta tafi da yaji da ƙuli a jaka.

Wata rana da dare ina lissafin cinikin ranar tana zaune a tabarma sai tace, kai auta, ka je wajen nan tun gwiwarka tana da ƙarfi, garin duk hawa ne da matakala, ni na makara, a hanyar da Ubangiji ya bi da gicciye sai da aka riƙe ni. Tace tun da ta dawo in ana karanta Bishara ba ta jin ta kamar da, in an ce Yesu ya gangara Kafarnahum ta san gangaren, in an ce ya haura Urushalima ta san hawan. Wannan maganar ce ta zauna min. Mama ta riga mu gidan gaskiya yanzu, kuma har ta koma ba ta sake tayar da zancen ba, ni ne dai ban manta ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ba na so a harkar ziyarar nan yadda muke yin ta. Mutum ya dawo sai ya liƙa JP, wato Jerusalem Pilgrim, wanda ya je ziyarar Urushalima, a bayan sunansa, a katin biki JP, a kalandar majami'a JP, har a sanarwar rasuwa. Wasu kuma da kujerar gwamnati suka je ba sau ɗaya ba saboda sun san wani, talakan da ya shekara yana share majami'a ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Shi ya sa da gwamnatin jiharmu ta Kaduna ta daina biya wa mutane kujera a 2015, na Makka da na Urushalima duka, ni ban ji haushi ba ko kaɗan, nace to yanzu kowa ya nemi nasa. Ga kuma masu zuwa su gudu su ɓace a can neman aiki, su ne suka jawo ake tantance mutum kamar ɓarawo, sai ka kawo mai tsaya maka, sai an tambaye ka me ka bari a gida da zai dawo da kai. Duk da haka ina so in je. A addininmu ba farilla ba ce, ba wanda zai ce bangaskiyarka ta rage don ba ka je ba, kawai ina so in ga gangaren nan da Mama ta faɗa.

Sai na shiga adashi. Mu 'yan bakin titinmu ne, da mai shayin da ke jikin rumfata, da mai faci, da mai cajin waya, da wasu mata masu abinci. Mai shayin nan maƙwabcina ne tun muna yara, Musulmi ne, ɗan Manchester United ne kuma, wato ta ko'ina mun raba hanya amma ba ni da abokin da ya kai shi. Shi yana tara na Makka ni ina tara na Urushalima, duk wanda ya kwasa sai ya kai banki ya ajiye. Muna cikin haka korona ta zo a 2020, aka dakatar da ƙwallo a duniya tun daga Maris, aka kulle gari, rumfata ta zama wajen kwanan awaki. Abin da na tara na ci rabinsa. A 2021 da Isra'ila ba ta buɗe ba aka fara kai mutane ƙasar Jodan, su hau Dutsen Nebo inda Musa ya tsaya ya hango ƙasar alkawari, su je wajen baftisma ta wancan ƙetaren. Wani abokina ya je yace in zo mu tafi, nace kuɗina bai kai ba, kuma ko ya kai ni ba hange nake so ba.

Zuwa ƙarshen 2022 na farfaɗo, gasar kofin duniya ta Qatar ta kawo ciniki duk da Najeriya ba ta je ba, Ghana ce ta fitar da mu. Na yi fasfo. Na fara tambayar yadda ake biya. Maman yara har ta fara tsokanata tana cewa Baban yara in ka je kar ka dawo min da gyale irin na kowa.

To daga nan ne 2023 ta shigo da nata. Farko canjin kuɗi, aka sauya 200 da 500 da 1,000, tsofaffin aka ce a mayar banki sababbin kuma babu su. Sana'ata ta 'yan canji ce, naira 100 ake biya a shiga, yaro zai zo yace Oga zan yi taransifa, taransifar naira 100 kuma netwok babu, kana tsaye a ƙofa da waya a sama wasa ya riga ya fara. Da yawa haka nake barinsu su shiga, wasu sun biya daga baya wasu har yau. Ba mu gama farfaɗowa ba ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi. Kafin kwana biyu litar da muke saya ƙasa da 200 ta haura 500, a Yuli ta wuce 600, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Wanda ba ya harka da janareta ba zai gane ba. Ranar Asabar tun wasan rana har na dare inji yana aiki, talabijin uku da fankoki, wuta kuma in an kawo ta ma sai ana tsakiyar wasa a ɗauke. Masu dish su ma suka dinga ƙara kuɗin wata. Na mayar da shiga 150 aka yi ta ƙorafi, na kai 200 benci ya fara zama fayau, don yaron da zai ba ka 200 shi ma bai karya ba tun safe. Sai ka ga sun taru a waje ta jikin kwano suna sauraron ihu, ko su haɗu biyar a kan waya ɗaya.

A watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Kuɗin ziyara da dala ake lissafa shi, jirgi da masauki da mota duk dala ne. Kuɗina yana nan a banki lambarsa ba ta ragu ba, amma kullum in na kwana na tashi sai ya ƙara nisa da Urushalima. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ba wanda ya sace min ko sisi, kuma an kwashe min fiye da rabi.

Ana cikin haka ranar 7 ga Oktoba yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Hamas, aka dakatar da tafiya gaba ɗaya. A gidan kallona ranakun nan sai da na hana gardamar, don na ga tana neman ta koma ta Kirista da Musulmi, mu kuma a jihar nan mun san inda irin wannan take kaiwa, mun binne mutane. Nace duk mai son gardama ga Messi da Ronaldo nan. Abin da na lura da shi shi ne da yawa daga cikin 'yan'uwana ba su ma san akwai Kirista Falasɗinawa ba, alhali Baitalami ɗin da muke marmarin zuwa a yankin Falasɗinawa take, masu sassaƙa gicciyen da Mama ta kawo mana su ne, a Gaza ma akwai majami'u kuma an kashe mutane a cikinsu. Na yi addu'a domin yaran da ake kashewa ta kowane ɓangare, kuma in faɗi gaskiya na ji kunyar yin addu'ar tafiyata a watannin nan.

Sai gasar kofin Afirka ta zo a Janairun 2024 a Kodebuwa, ita ce ta ɗan dawo min da rai. In Najeriya tana wasa ba ruwan kowa da tsada, mutum zai ƙi cin abincin dare ya zo. Daren 7 ga Fabrairu da muka buga da Afirka ta Kudu ba zan manta ba. Muna gaba da ɗaya, fenaritin Troost-Ekong, saura minti kaɗan Osimhen ya ƙara ta biyu, rumfa ta kece, wani ya taka benci ya karye, mai shayi ya rungume ni har hularsa ta faɗi. Muna cikin tsalle sai muka ga rafali ya nufi talabijin ɗinsa na gefen fili. Ya dawo ya soke ƙwallonmu ya kuma ba su fenariti a can ɗaya ragar, suka farke. Wajen ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar janareta, ni kuma hankalina rabi yana kan wasa rabi yana kan tankin mai, don ban yi lissafin ƙarin lokaci ba. Na tura yarona da gudu wajen 'yan bumburutu ya sayo galan a farashin da ba na son tunawa, muka zuba inji yana aiki, abin da kullum nake hana shi yi. Da aka zo bugun fenariti na duba bencina, wannan yana ja da carbi, wancan ya haɗa hannu yana cewa cikin sunan Yesu, wata 'yar mawaƙanmu ta juya baya gaba ɗaya ta ƙi kallo. Nwabali ya tare biyu, Iheanacho ya zura ta ƙarshe. Washegari muka ji labarin mutanen da zuciyarsu ta buga suka mutu a wurare daban daban suna kallon wasan nan.

Ranar Lahadi 11 ga wata wasan ƙarshe da masu gida. Da safe a majami'a har mai addu'ar ƙasa sai da ya saka Super Eagles a ciki, aka ce amin da ƙarfi fiye da na sauran. Ni ma na roƙa, nace ya Ubangiji mutanen nan sun sha wuya, ka ba su ko da dare ɗaya na murna. Troost-Ekong ya sa mana da ka kafin hutun rabin lokaci, muka ce an gama. Aka dawo Kessie ya farke, saura minti tara Haller ya sa ƙafa ya karkatar da ita cikin raga. 2 da 1. Mutane suka fita ba mai ce wa kowa sai da safe.

Na daɗe ina juya wasan nan a raina. Kodebuwa ɗin nan mun doke su a rukuni, Equatorial Guinea ta yi musu 4 da nema a gidansu, suka kori kocinsu ana tsakiyar gasa, da ƙyar suka tsallake. Shi Haller ɗin da ya ci mu, a 2022 aka gano yana da ciwon daji, ya sha tiyata da magani ya dawo fili. Wato a daren da nake cewa Allah bai ji addu'ata ba, akwai wata uwa a wani waje da take ba da shaidar ɗanta, kuma majami'un Abidjan su ma ba barci suka yi ba ranar da safe. Wani ɗan'uwa yace min ai Allah ba ruwansa da ƙwallo. Ni ban yarda ba ruwansa ba, wanda ya san adadin gashin kanmu ya san sakamakon wasa, abin da na daina yarda da shi shi ne wai dole ya zama ɗan kulob ɗina.

A watan nan dai dala ta haura 1,500. Ku tuna 160 ɗin Mama. Da aka fara maganar buɗe tafiya kuɗin da ake faɗa ya kai wajen miliyan 3, abin da ke hannuna ko rabi bai kai ba. Abokina mai shayi nasa ya fi nawa ciwo, don shi har ya biya na farko, kusan miliyan 5, ya sayar da filinsa ya cika, sai a watan Maris aka ce kowane maniyyaci ya ƙaro wajen miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki. Bai samu ba. Daren da wa'adin ya cika ya rufe teburinsa da wuri ya shigo rumfata, babu wasa ranar, muka zauna a benci ya haɗa mana shayi mai kauri bai karɓi kuɗi ba. Yace min, Malam, in Allah bai kira ka ba ko kana da kuɗin ba za ka je ba. Nace haka ne, amma dai da kuɗin ya fi. Ya yi dariya har ya ƙware. Yanzu 'yan unguwa shi suna ce masa Alhaji mai jiran gado, ni kuma JP na gobe.

'Yan'uwa a majami'a sun yi ta ƙarfafa ni da labarin matar nan Basamariya a Yohanna sura 4, inda Ubangiji ya gaya mata lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ba ba kuma a Urushalima za a yi wa Uba sujada ba, sai dai cikin ruhu da gaskiya. Na sani, na gaskata, tsohuwar majami'armu ta ƙasa da aka gina a Wusasa tun 1929 ba ta fi ko'ina nisa da sama ba. Amma na lura yawancin masu karanta min ayar sun riga sun je. Baba Rabaran ne kaɗai bai yi min wa'azi ba, ya tambaye ni kawai, yaran sun koma makaranta? Nace saura kuɗin babbar. Yace to.

Wannan to ɗin ita ta yanke maganar. 2024 shekara ce da buhun shinkafa ya doshi dubu 100, mudun masara ya gagari mai iyali, a Agusta aka yi zanga-zangar yunwa har aka sa mana dokar hana fita a Zariya da Kaduna. Na ga mutanen da nake girmamawa suna zuwa bayan sujada suna raɗa wa mutum ko da na garin tuwo. Na ga kuma abin da ya fi damuna, yaranmu sun faɗa caca. Suna zaune a bencina amma ba wasan suke kallo ba, waya suke kallo, ɗan Arsenal yana addu'a a ci Arsenal saboda tikitinsa. Wani yaron ƙungiyar matasa ya taɓa kawo min wayarsa wai in sa masa albarka a kan wasa goma sha da ya haɗa, in ya ci zai fitar da zakka. Nace ɗana tashi ka ba ni waje. Amma da ya tafi na zauna ina tunani, yaron nan ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, ba aiki, mafi ƙarancin albashin ma da aka ƙara zuwa dubu 70 bai sayen buhun shinkafa ɗaya, me zan ce masa ya sa rai a kai? Ban ba shi gaskiya ba, caca tana cin su ne kawai, amma na daina yi musu tsawa a gaban mutane, sai in ja mutum gefe.

Kuɗin Urushalima dai ga inda suka tafi. Na biya wa babbar 'yarmu makaranta. Na sayi masara da wake na ajiye mana, muka ɗiba muka kai wa gwauraye biyu da Mama take taimaka wa tun tana da rai, wannan shawarar maman yara ce ba tawa ba. Sauran kuma ita ce ta matsa min in sa sola, tace Baban yara man nan shi yake cinye ka. Na sayi faranti da batir da inbata na hannu, ba su ɗaukar komai da komai amma suna riƙe talabijin da dikoda, janareta sai in hadari ya kwana biyu. Ranar da na je cire kuɗin a banki na ɗan tsaya a bakin ƙofa, fasfo ɗina yana aljihu don da shi na je a matsayin shaida, ko tambari ɗaya babu a cikinsa.

To ina shaidar take, wani zai tambaya. Gidajen kallo da muka fara tare da su da yawa sun rufe, nawa yana nan. Ba mu kwana da yunwa ba ko a watannin da suka fi tsanani, yarinyar tana aji na gaba, ni da maƙwabcina ba abin da ya shiga tsakaninmu duk da abin da ake ta zugawa a waya. Kuma ban yi fushi da Allah ba, wannan ni kaina ya ba ni mamaki don na san halina, na ɗauka zan yi. Na dawo da shiga 150 tunda mai ya daina cina, benci ya fara cika, yaran da suke leƙe ta jikin kwano in an dawo hutun rabin lokaci sai in buɗe musu ƙofa.

Mun sake sabon adashi ni da mai shayi. Wannan karon ba a banki nake barin nawa ba, duk kwasa sai maman yara ta sayi tunkiya ko akuya ta ɗaure a bayan gida, tace su ko dala ta tashi suna haihuwa. Fasfo ɗin zai mutu a 2027, sabuntawa kuma yanzu naira dubu 100 ne, don haka ina roƙonku ku sa ni a addu'a abin ya yiwu kafin lokacin, ku haɗa da zaman lafiyar ƙasar can don ba zan so in je ina taka inda ake zubar da jini ba. Gwiwar hagu ta fara yi min ƙara in na tashi daga benci, na fara zagaya filin makaranta da sassafe kafin in buɗe rumfa.